Delmer Tackett Ya Tafi, Ya Bar Kare Ba Ya Cin Abinci

Daga ofishin Shugaban Majalisar Ƙoli ta Mawaƙa da Makaɗan Jita na Jihar Tennessee.

Muna tsakiyar taro da manyan baƙi, ranar Talata biyar ga watan Maris, aka raɗa mana cewa Delmer Tackett ya rasu a kan kujerarsa ta baranda, yana da shekara tamanin da uku. Nan take muka sallami baƙin.

Baba Delmer, waƙa ɗaya tak ka yi da ta zaga duniya, a shekarar 1958, kan jirgin ƙasan da ya tafi da budurwarka. A tsakiyarta kakan karya murya irin ta makiyayan shanu, ta cilla sama kamar guɗa, ta faɗo, ta sake cillawa. 'Yan mata sun suma saboda wannan guɗa. Sauran shekaru sittin kuwa ka ƙare su kana ba mutane labarin suman, kuma kullum yawan 'yan matan ƙaruwa yake yi.

Majalisa ta san alherinka. Akwai wani yaro mara kunya mai suna Mudi, mai facin taya a bakin babban titi, wanda ka ba ɗakin saman gareji lokacin da kawunsa ya koma ƙasarsu ya bar shi. Da ka ji ba ya cin naman alade, ka hana matarka Mama Opal sa shi a wake. Shekara takwas kana cin wake salam kana harararsa, kana cewa, "Yaro, saboda kai nake shan ruwan wanki." Amma ba ka taɓa yarda an mayar da naman ba.

Shi kuwa ga sakayyar da ya yi maka. Da tsufa ya cinye muryarka, guɗar ta koma kukan ƙofar da ba a sa wa mai ba, ga tari a tsakiya, kuma babu mai saurarenta sai karenka Biskit, wanda da ita kake kiransa cin abinci safe da yamma. Mudi ya haddace ta har da tarin. Sai ya laɓe bayan gareji ya rangaɗa, kare ya taso a guje ya tarar da kwano wayam. Kai kuma ka fito da sanda kana ihu: "Ɗan banza, ni ba haka nake yi ba!" Majalisa ta bincika. Haka kake yi.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Biskit ya shige ƙarƙashin baranda ya ƙi fitowa. An tura masa kaza, an tura burodin masara, ko shinshinawa bai yi ba. Haƙarƙarinsa suka fito. Likitan dabbobi ya leƙa da tocila ya ce kare ne tsoho, in bai ci ba kafin ƙarshen mako, gara a yi masa allurar hutu. Mama Opal ta ce ba za ta binne biyu a wata ɗaya ba. Ta sa aka fito da garmaho baranda, ta ɗora faifanka. Muryarka ta ƙuruciya ta tashi garau, har maƙwabta suka cire huluna. Biskit ko kunne bai ɗaga ba. Ina ya san wannan saurayin?

Sai ta juyo kan Mudi, wanda ke raɓe da bango.

"Kai, ɗan nema. Yi abin nan naka."

"Mama, a gidan makoki?"

"Yana raye ka ji kunyarsa? Yi!"

Yaron ya buɗe baki. Ya saki guɗar. Ta hau, ta tsage, tarin ya zo a wurinsa. Aka ji motsi a ƙasa. Biskit ya jawo jiki ya fito, ya dubi kujerarka, ya dubi yaron, ya tsaya jim, sannan ya sa baki a kwano. Mama Opal ta zauna a matakala ta rufe fuska da gyalen wuyanta. Da ta ɗago sai ta ce, "Tarin ya yi gajere. Nasa ya fi haka tsawo."

Allah Mai rahama ne, Baba, a hannunSa muka bar ka. Yadda ka rufa wa baƙo asiri, Allah Ya duba maka. Allah Ya ba Mama Opal da 'ya'ya da jikoki haƙuri, Ya tsare gidan da ka bari.

Saura magana ɗaya. Babu wata Majalisa, babu ofis, baƙin da aka sallama kuwa mai motar itace ne da tayarsa ta sace. Kullum kana ƙorafin cewa ran da ka mutu babu babban mutumin da zai rubuta maka ko layi, shi ya sa na aro maka ɗaya. Ni ne Mudi, wanda karatunsa bai wuce allo ba. Ni da ko taɓa kare ba na yi, yanzu safe da yamma ina tsaye a barandarka ina tari, Mama Opal tana daga taga tana gyara mini.