Malam Sumana, mai riƙon Randar Aisa

Ranar da labarin ya iske ni, ina tankaɗen gari a gidanmu na Zongo. Wani dattijo siriri ya yi sallama, riƙe da jakar 'yata Aisa. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Uwar Aisa, sai haƙuri. Mota ta buge ta a bakin gada." Ranar na fara ganin Malam Sumana, duk da sunansa ya daɗe a gidana.

Shi ne mai kula da labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, inda Aisa ke karatu a unguwar Harobanda. Kafin ɗalibai su iso ya wanke kwalabe, ya dafa abincin da ake kiwon ƙwayoyin cuta da shi, ya zuba a ƙananan farantai masu murfi. Wanda ya shigo bai wanke hannu ba, ya kora shi famfo.

Ni ban yi lakwal mai nisa ba, bokona kaɗan ne. Abin da Aisa ta gaya mini shi ne, a cikin ƙasa akwai wasu halittu da suka fi ƙwayoyin cuta ƙanƙanta, su ne ke cinye su. An ce kowane ɗalibi ya ɗebo ƙasa ya nemo nasa. Na ce mu je bakin kogi, yashi mai tsabta. Ta yi dariya.

"Inna, Malam Sumana ya ce tsabta ba ta haihuwar komai. Ƙasa mai laima yake so."

Ta ɗebi ta gindin randata. Ta yi ta gwadawa ba a dace ba, tana dawowa da fushi, shi kuwa yana cewa, "Ɗiyata, sake tacewa." Ranar da ɗigo-ɗigo garau suka fito a farantin, alamar abin ya ci ƙwayoyin, da gudu ta shigo gida. Ta raɗa masa suna Randa.

Bayan rasuwarta, Randa ya rage a 'yar kwalba cikin firigo. Zafi yana kashe shi, ga bazara ta kama, kuran, wutar lantarki, yana ta ɗaukewa. In ya mutu, aikin Aisa ya bi ta. Ɗalibai sun gaya mini duk ranar da firigo ya fara ɗumi, Malam Sumana zai naɗe kwalbar cikin ƙanƙara, ya ɗaura a moto, ya kai gidansa inda yake da firigo mai aiki da hasken rana. Matarsa Safiya ta faɗa mini da bakinta cewa ta tare shi a ƙofa.

"Tsoho, cuta ka kawo mini kusa da miyata?"

"Ba cuta ba ce, mai cin cuta ce. Kwashe miyarki, baƙuwa ta fi ta daraja."

Ta kwashe, tana mita.

Haka Malam Sumana ya riƙa ciyar da Randa sababbin ƙwayoyi don kada ƙarfinsa ya ƙare, har wani ɗalibi, Anas, ya karɓi aikin ya ƙarasa. Da aka zo rubuta sakamakon binciken, Malam Sumana ya ce abu ɗaya yake roƙo: a bar sunan da Aisa ta raɗa, a sa sunanta a gaban na sauran marubuta.

Malam Sumana, kai ne ka kawo mini labari mafi ɗaci, kai ne kuma ka riƙo hannuna ka nuna mini farantin a gaban taga ka ce, "Ga shi nan da rai." Uban marayun kwalabe! Wannan watan za ka ajiye aiki. Ba ni da abin ba ka sai godiya. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya. Ku da za ku gaji makullinsa, ku riƙe aikin yaran mutane yadda ya riƙe.

Randar tana nan inda take. Ba na share gindinta. Kullum da safe in na cika ta, sai in zuba moɗa guda a ƙasan, don kada ta bushe.