Ustaza Hanatu da Ƙirgen 'Ya'yan Hawata

Ustaza Hanatu ta ƙirga yaran ajinta da baki, ɗaya bayan ɗaya, a garin da ko uwa ba ta faɗin yawan 'ya'yanta. Daga nan komai ya lalace.

Turanci take koyarwa a garinmu Hawata, a ƙasar Sudan. Kullum da safe za ka gan ta da kwanon riɗi da 'yan tsakuwa a ƙulle a bakin mayafi. Takan ce wa yara, a Turanci abin da ake ƙirgawa kamar tsakuwa daban, abin da sai dai a auna kamar riɗi daban, kowanne da yadda ake faɗin yawansa. 'Yata Atika ta ce, "Ustaza, mutane fa?" Ta ce, "Mutum ba riɗi ba ne. Ku miƙe in ƙirga ku." Ta bi su tana dafa kawunansu.

Da kaka sai kala'azar ta shigo, zazzaɓin nan mai kumbura ciki ya busar da yaro. 'Yan layin gaba, inda ta fara dafawa, su suka fara kwantawa. Gari ya ce bakinta ne.

Ni direban lori ne, karatuna bai kai ko'ina ba, kuma irin wannan zance ba ya shiga kaina. Amma wata rana da azahar, makaranta a rufe, na bi ta bayan ajin na ji tana ƙirgawa, ana amsa mata. Na leƙa ta taga. Ita ce kaɗai, sai bencuna babu kowa a kai. Har yau ban tambaye ta ba.

Washegari ta tare mini hanya. "Haladu, sauke buhunan nan. Asibitin Gadarif za mu kai yaran." Gida-gida muka bi. Baba Sharu ya tsaya a ƙofarsa da sanda: "Kin ƙirga shi sau ɗaya, bai ishe ki ba?" Ta ce, "Baba, ko ka buge ni ko ka matsa, jikanka dai zai hau motar nan." Ya matsa. A asibiti aka ce marasa lafiya sun yi yawa, a jira. Ta tsaya tana kiran kowane yaro da sunansa da na ubansa har aka fara allura. Wasu mun makara da su. Atika, da ke cikinsu, ta tashi.

Ke ce, Ustaza, kika ɗauki yaran da iyayensu ke tofar da yawu in kin wuce. Mun gode, Allah Ya biya ki. Malaman yanzu, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, tana nan Gadarif da ranta, ta yi ritaya, ba a gayyatarta suna.

Ranar Juma'a na kai mata 'ya'yan Atika su gaishe ta. Tana buɗe ƙofa ta gan su a jere, sai ta rufe idonta da tafin hannu. "Shigo mini da su ɗaya-ɗaya, Haladu," ta ce. "Ba na kallon yara a tare."