Ƙafafun Kaka Ilu

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Daura ya san Kaka Ilu da daronsa. Daga hantsi har azahar yana zaure, ƙafafu biyu tsundum cikin ruwan randa, yana yi musu faɗa kamar yara. Ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyinsu. Yau su yi ta zugi kamar an zuba barkono, gobe ko allura ka soka ba zai ji ba. Ina rubuta wannan ne don sati uku ke nan ni ma tafin ƙafata yake min irin zugin nan.

Likita ya hana shi suga, sai na kama shi yana jefa mazarƙwaila a koko.

"Kaka! Me aka ce maka?"

"Suga aka ce, amarya. Wannan kuwa rake ne, noman talaka. Ke da bokonki, rufa min asiri."

Wata rana ya dawo daga kasuwar Mai'adua da takalmi ƙafa ɗaya. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Baba, ina ɗayan?"

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. "To fa! Ƙafar ba ta gaya min ba. Ƙila ya zarce Kongolam fatauci."

Ya rantse ba zai sayi sabo ba, wai wadda ta yar da nata ta taka ƙasa ta ji horo. Muka yi ta dariya har da hawaye, ba wanda ya ce bari a duba tafin.

Sai wata safiya cikin sanyi, ina shara, yana jin ɗumi a kaskon wuta kamar yadda tsofaffinmu suka saba. Ya ɗaga hanci ya shaƙa.

"Amarya, wa ke babbakar kan rago da sassafe, ko tayi babu?"

Na juyo. Innalillahi! Diddigensa ne a kan garwashi. Na yar da tsintsiya na kurma ihu.

"Ke, kar ki tara min jama'a! Ita mai abin ma ba ta ce komai ba."

Ƙunar ta zama gyambo, gyambon ya yi baƙi. A asibitin Katsina suka ce sai an yanke ƙafar. Kaka ya jawo hularsa.

"Da biyu na zo, da biyu zan koma. Ranar tashi a tambaye ni, in ce ɗayar tana Katsina?"

Likitan ma sai da ya dara. Wata biyu bayan nan Kaka ya rasu.

Wallahi har yau ƙaurin nan yana hancina. Jiya na kasa daurewa, na gaya wa Inna zugin da nake ji. Ta ɗora ƙafata a cinyarta, tana tsungulin yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Kin ji? Nan fa, kin ji?" Gobe za ta kai ni a auna jinina.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya sa ka huta. Ni kuma ku taya ni roƙon Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi.