Ciyawar da na tuge a Jamaica Bay

Shekara biyu ke nan da guguwar Sandy ta cika mana ɗakin ƙasa da ruwa, ta cinye kaset-kaset ɗin da na naɗi muryoyin dattawan garinmu Nguru a ciki. Uku kawai suka tsira.

Yau 'yata Hauwa ta kai ni aikin gayya a fadamar Jamaica Bay da ke bakin teku kusa da gidanmu, wai don kada ruwa ya sake shigo mana. Ina ganin ciyawa a bakin ruwa na naɗe wando na hau tugewa. Na tara dami guda sai na ji ihu.

"Baba! Jiya fa muka dasa ta!"

"Kuka dasa? Ke, shekara ashirin ina yankan ciyawar kachalla a Nguru saboda ta toshe mana kogi. Karatun da kika yi ke nan, shuka ciyawa?"

"Wannan ba kachalla ba ce. Ita ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidanka."

"Wannan da na cire da yatsa biyu ce za ta tare teku?"

Na dubi abokan aikinta masu digiri, da safar hannunsu da hular rana. Sama-sama suka dasa, kamar masu tsoron laka ta cije su.

Na yarda ban san ciyawar ba, amma su ma ba su san laka ba. Ku faɗa min, wa ya fi kuskure?

Gobe da safe, ruwa na janyewa, zan koma in mayar da kowane tushe da zurfin kamu guda. Kaset uku suka rage min, ba zan bar wa teku su ba.