Makon Farko a Ajin Yaya Abu

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayata Zainabu, wadda iyayen yara a unguwarmu ta Briqueterie suka fi sani da Maîtresse Abu, wato Malama Abu. Ta rasu a cikin dogon hutu, saura mako uku a koma makaranta, bayan jinyar da ba ta kai wata guda ba. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan Satumba ta kama, ruwa ya dawo yana dukan kwanon ɗaki, teloli suka duƙufa kan ɗinkin kayan makaranta, sai kewarta ta taso mini sabuwa. Bana na ce ba zan bar abin a cikina ba, zan rubuta, domin akwai abin da ta bari da nake gani yana neman kuɓuce mana.

Ni Hajara ce, ƙanwarta da ke bi mata. A lokacin da take raye tela ce ni, da ɗan shagona a bakin layinmu. Ita kuwa shekara goma sha tara ta yi tana riƙe da ajin 'yan ƙanana a wata 'yar makarantar maternelle mai zaman kanta, yara masu shekara uku zuwa huɗu. Mutane da yawa, har a cikin danginmu, ba su ɗauki abin a matsayin koyarwa ba. Raino suke ce masa. Ba ta taɓa tsayawa gardama da su ba. Abin da na sha ji daga bakinta shi ne, yaron da ya tsorata da makaranta a makon farko yakan daɗe bai yafe mata ba.

Saboda haka makon farko shi ne babban aikinta na shekara. Tun saura wata biyu a buɗe makaranta take karɓar sunayen yaran, ta bi su gida-gida bayan la'asar. Takan tambayi sunan da ake kiran yaro da shi a gida, domin takarda na iya cewa Mohamadou Aminou, alhali shi Abba kawai ya san kansa. Takan tambayi abin da yake tsoro. Kafin ta fito kuma sai ta roƙi uwar ta yago mata ƙyalle daga wani tsohon zaninta. Ƙyallayen nan wurina take kawo su, in ɗinke kowanne a cikin aljihun rigar makarantar mai shi. Idan kuka ya taso wa yaro, sai ta kai hannunsa aljihu ta ce, "Taɓa ka ji, ga Mama nan." A gaban rigar kuma nakan ɗinka wa kowa alamarsa, wani kifi, wani buta, wani laima. Alamar nan ce a jikin ƙusar rataye jakarsa da kofin shan ruwansa. Yaro bai iya karatu ba, amma ranar farko ya san shi ne mai kifi, kuma akwai wurin da yake nasa.

Ranar Litinin ba ta taɓa alli. Tabarmi take shimfiɗawa, iyaye mata su zauna da 'ya'yansu har ƙarfe goma. Ranar Talata su tashi da tara. Ranar Laraba a yi sallama a bakin ƙofa, kuma a nan ne ba ta da sassauci. Uwar da ta nemi sulalewa yaro bai gani ba, sai ta tare ta: "A'a, Hajiya, dawo ki gaya masa kin tafi, za ki dawo da azahar. Kuma don Allah ki dawo da azahar ɗin." Daga nan sai yaran su kama bayan rigar juna su zama jirgin ƙasa, ita ce kan jirgi, ta zaga da su famfo da bayi da wurin mai gadi. Akwai ƙwallon tsumma da na ɗinka mata, ana mirgina shi a da'ira, wanda ya iso gare shi ya faɗi sunansa, in ya ƙi faɗa a wuce shi ba tare da tilas ba. Gaisuwar safe kuwa da duk harshen da ke cikin ajin ake yin ta, Hausa da Fulatanci da Ewondo da Pidgin, sannan a rufe da bonjour ta Faransanci. Ranar Juma'a kowa ya tsoma tafin hannu a fenti ya manna a farin yadi, a rataye shi a bango har ƙarshen shekara.

Akwai shekarar da ba na mantawa. An kawo mata wata yarinya mai suna Dudu, 'yar wani mai fataucin shanu a unguwar Etoudi. Ba a daɗe da ɗauko ta daga wurin kakarta a arewa ba, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, sai Fulatanci kawai. Tana shiga aji ta shige ƙarƙashin tebur ta haɗe kai da gwiwa. Ba ta kuka, ba ta magana, ko ruwa ba ta karɓa a hannun kowa. Yaya ba ta jawo ta ba. Tabarmar ajin ta matsar kusa da teburin, ta ci gaba da harkokinta a nan. Mako ya ƙare a haka, na biyu ya kama. Sai uban ya aiko cewa zai mayar da ita ƙauye, tunda makaranta ba ta karɓe ta ba.

Ranar da saƙon ya zo, Yaya ta ce in rufe shago in raka ta. Muka shiga taksi har Etoudi, muka keta taɓo cikin shanu muna tambayar mutumin. Da muka same shi ta gaishe shi cikin ɗan Fulatancinta na kasuwa, sannan ta ce, "Alhaji, mako ɗaya nake roƙo. Amma gaya mini, me Dudu ta baro a gida wanda ta fi so?" Ya yi murmushi ya ce akwai wata jar saniya mai karyayyen ƙaho ɗaya, ita take bi kullum.

Washegari na je kai saƙon riguna, na tarar da Yaya tana zana saniya a allo da jan alli. Da gangan ta yi mata ƙaho biyu cikakku. Ta juya ta ce da Fulatanci, ga saniyar Dudu. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga yarinyar ta rarrafo daga ƙarƙashin tebur, fuska a murtuke. Ta je allo ta sa yatsa ta goge rabin ƙaho ɗaya, ta ce ba haka take ba. Maganarta ta farko ke nan a makaranta. Yaya ta ba ta haƙuri, ta miƙa mata allin. Uban bai sake zancen mayar da ita ba, kuma Dudu ta gama firamare a unguwar nan kafin su koma arewa.

Ba zan ce Yaya ba ta da aibu ba. Tana da taurin kai, kuma bakinta bai iya lallashin manya ba. Ta taɓa sa ni warware alamomi goma sha biyu don wai butar ta yi kama da agwagwa, muka yi kwana uku ba ma gaisawa sai a gaban Innarmu. Takardun da ofis ke nema kuwa kullum a makare take kai su. Duk haƙurinta a kan yara ya ƙare.

Da ta rasu, ƙyallayen shekarar suna cikin leda a shagona, ta riga ta zaga rabin gidajen. Mai makarantar ta zo gaisuwa ta ce, "Hajara, ke kaɗai kika san yadda take yi. Riƙe mana makon nan kawai." Na riƙe makon. Daga baya na bar wa abokiyar aikina shagon, na shiga makarantar horon malamai ina da shekara arba'in da ɗaya, cikin 'yan matan da a haife na haife su. Yau shekarata ta biyar da ajin a hannuna.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ajin ya fi na zamaninta cika. Iyaye mata da yawa suna aiki a ofis ko kasuwa, zaman tabarma har ƙarfe goma ya yi musu tsada. Yara suna zuwa sun iya latsa waya tun ba su iya riƙe cokali ba, wasu sun fi jin Faransancin zanen talabijin a kan Hausar gidansu. Ina jin wannan ba zai tayar mata da hankali ba, za ta ce a ƙara gaisuwar Hausa a da'ira, shi ke nan. Hotunan da iyaye ke ɗauka a bakin ƙofa ma dariya za su ba ta. Abin da na san zai ɓata mata rai shi ne gaggawa. Makarantu sun yi yawa, kowacce na son nuna ta fi, iyaye kuma suna buɗe jaka ranar farko suna neman shafin da yaro ya rubuta.

Gaggawar nan ta iso mu bana. Sabuwar shugabarmu, Madam Solange, mace ce mai ƙwazo kuma ba muguwa ba ce. A taron malamai ta ce daga yanzu iyaye su tsaya a bakin get, Faransanci kaɗai za a yi a aji, a fara riƙe fensir tun Litinin, domin wasu iyaye sun ce a nan wasa kawai ake yi. Ni ba mai magana a taro ba ce, amma na miƙe. Na ce, "Madam, yaron da bai san inda bayi yake ba, kuma bai san yadda zai ce fitsari ya matse shi ba, ba fensir ne a ransa ba. Ki ba ni makon, ki shigo ki zauna ki gani. In kin ga ɓata lokaci ne, zan bi abin da kika ce." Ta ce mako ya yi yawa. Muka yi ta ja har ta tsaya a kan kwana uku, da sharaɗin ni zan fuskanci iyayen da kaina.

Na fuskance su. Na tara su a tsakar makaranta ranar Asabar, na yi bayani da Hausa, na sake yi da Faransanci. Wani mahauci ya ce shi ba domin waƙa ya kawo ɗansa ba. Kafin in ba shi amsa wata mata ta miƙe daga baya, da goyo, ta ce ita ɗalibar Maîtresse Abu ce, ta fito tun daga unguwar Cité Verte musamman don ajin nan, kuma har yau tana tuna ranarta ta farko ba tare da faɗuwar gaba ba. Mahaucin ya ce to, za a gani. Waɗanda aiki ya hana su zama muka yarda su turo kaka ko gwaggo. Madam Solange ta shigo ranar Talata da niyyar minti goma, ta kai har lokacin tashi. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma janye kwana ukun ba.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar littafi ba, ko hotonta mai kyau ɗaya ne a wurinmu. Sunanta ma malaman da suka zo bayanta ba su san shi ba. Abin da ya rage nata yana wurin mutanen da suka shiga makaranta ta hannunta ba su ji an jefar da su ba, yanzu kuma suna kawo nasu 'ya'yan. Amma na gane irin wannan gado ba ya tsare kansa. In ba a yi shi a Satumbar bana ba, a ta baɗi babu wanda zai tuna an taɓa yi. Shi ya sa na fara rubuta tsarin makon dalla-dalla a littafi, kuma malamai biyu matasa sun yarda su riƙa bi na zagayen gidaje. Kwana uku aka ba ni bana, Yaya, na karɓa. Baɗi in Allah Ya kai mu zan koma ofis in nemi na huɗu.