Iliyasu Ya Bugu Ba Da Barasa Ba

Jama'a, yau na ga wanda ya bugu bai sha barasa ba!

Muna aikin nuna wa 'yan kallo hanya a harabar filin ƙwallo, ni da Iliyasu ɗan Kumasi, abokin ɗakina a unguwar Mu'aither, nan ƙasar Larabawa. Ƙishi ya dame shi. Wani Baturen Ingila ya miƙa masa kofi, ya kwankwaɗe, a zatonsa lemo ne. Sai ya ji ɗaci. Baturen ya ce ai giya ce.

Nan take Iliyasu ya dafe kai ya fara tangaɗi! Turawa suka zagaye shi suna tafi. Wannan ya ce "hammered", wancan ya ce "wasted". Malaminmu na Turanci a ajin yamma ya taɓa gaya mana haka suke kiran wanda ya yi mankas, a tsakanin abokai. Na fassara wa Iliyasu. Sai kuka, yana ce mini:

"Baba Sale, khalas, shi ke nan! Sallata ta kwana arba'in ta tafi, kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, kuma zai mayar da ni gida!"

Har ya zube ƙasa yana neman a riƙe shi, wai duniya na juyawa.

Sai ga shugaban aikinmu. Ya duba kofin ya ce, "Yalla, tashi! Giyar da ake sayarwa a filin nan ba ta da barasa ko ɗigo."

Mutuminku ya miƙe tsaf, ya kakkaɓe wando, ya ce, "Ni dama na ji ba ta da ƙarfi."

Na ce, "Iliyasu, da wacce ka gwada ta?"