Tabon da Wanzami Ya Yi Min

Tun ina yarinya akwai wani ɗan tabo a hannuna na hagu, kamar ƙwayar wake. Duk sa'o'ina a garinmu Gidimuni suna da irinsa, shaidar an yi musu lambar rigakafi suna jarirai. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai da na shiga lakwal, wato makarantar koyon jinya, a Damagaram. Kafin a bar mu mu fara aiki a ɗakin marasa lafiya, dole a auna jininmu, a ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, a kuma tabbatar kowa ya yi rigakafinsa. Wanda bai cika ba, 'yan ajinsa su shiga su bar shi a waje. Malamar da ke duba mu ta juya hannuna, ta shafa tabon da babban yatsa, ta ce, "Wannan bai yi min kama da na allura ba. Je ki tambayo a gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tabon nawa ne za a ce na ƙarya? Na hau mota ina ta mita har garinmu.

Na tarar da Inna tana ɓarar gujiya. Na miƙa mata hannun, na ce, "Inna, wai ba lamba ba ce wannan?"

Ta ƙarasa ɓare gujiyar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Wanzami ne ya yi miki."

Ashe masu rigakafi idan sun zo gari hannun yaro suke fara dubawa, in sun ga tabo su wuce. Shi ya sa ta sa aka tsaga min. Yayana, ɗanta na fari wanda ba ta ko faɗin sunansa, an yi masa allura, bai rufa mako ba zazzaɓi ya ɗauke shi. Yau na san wataƙila sauro ne. Ita kuwa ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata.

Na zo da faɗa cike da bakina, wallahi na rasa inda zan sa shi. Na ce, "Inna, sai an yi min allurai, in ba haka ba karatun ya tsaya."

Ba ta ce kar in yi ba. Ta dai ɗaura gyale ta biyo ni birni, ita da ba ta son mota. Aka fara min da ta ciwon hanta, Inna na tsaye, ta kau da kai. Mako guda ta yi a ɗakina. Kullum da safe sanyin tafin hannunta a goshina ke tashina.

Ranar da na sa farar riga zan shiga ɗakin marasa lafiya, ta tattara kayanta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "In kin samu hutu ki zo. Tabon ƙannenki ma duka wanzamin ne ya yi."